Ƙyallen Cikin Gafaka

Alƙur'anin da aka rubuta da hannu a ƙasar Haɗeja ba a ɗinke shi. Haka yake a Kano, haka yake a Borno, haka kuma a Tumbuktu. Falle-falle ne, kowace warƙa zaman kanta take yi, kuma a da ba a sa wa shafi lamba. Abin da ke nuna maka wace warƙa ke bin wace shi ne kalma guda da marubuci kan sauke a ƙasan bayan warƙa, wato kalmar da za ta buɗe ta gaba. Tsarin ya dace da tsangaya. Gardi ya zari izu guda ya tafi gindin bishiya ya gyara allonsa, wani ya zari wani izun, littafi ɗaya ya wadaci mutum biyar a hantsi guda. Sai dai iskar hunturu guda ta isa ta watsa aikin da gwani ya shafe watanni yana yi, kuma in warƙa uku suka ɓace daga tsakiyar izu sittin, sai mahaddaci ne zai gane.

Don haka dole a yi wa littafi abin da zai riƙe shi. Da farko akwai tadarishi, bango biyu masu tauri da aka lulluɓe da fata, da leɓe mai rufe baki, da tsirkiyar ɗaurewa wadda wani lokaci akan maƙala wa wuri a ƙarshenta. Daga waje kuma akwai gafaka, jakar fata mai maratayi, aikin dukawa. Waɗannan biyun kowa ya san su, su ake ɗauka hoto, su ake jerawa a gidan tarihi. Amma wanda ya taɓa zama kusa da alaramma lokacin da yake buɗe tsohon littafi ya san akwai na uku. Yakan zaro tadarishi daga gafaka, sai ka ga a naɗe yake cikin ƙyalle, ko kuwa in an kwance tsirkiya a tarar warƙoƙin ne ke naɗe a ciki. Ya aza a cinya, ya buɗe kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa ƙyallen a kan buzu, a kansa warƙoƙin za su zauna har a gama karatu. In yaro ya miƙo hannu da garaje, sai ka ji an ce, "Kai ɗan nan, da alwala kake?"

Tambayar tana da tushe, kuma tana kawar da wani zato da baƙi kan yi, cewa wai ana naɗe Alƙur'ani ne don marar alwala ya samu damar ɗauka. A mazhabar Malikiyya ba haka ba ne. Ahalari, wanda duk ɗan makarantar zaure ya fara da shi, ya hana marar alwala taɓa mus'hafi ko bangonsa, da hannu ne ko da tsinke, in ban da juzu'in da ɗalibi ke koyo a ciki. Muhtasar na Halilu ya ƙara da hana ɗaukarsa ko da ta maratayi ne, sai in yana cikin tarin kaya. Ƙyalle bai sauke wa kowa wannan hukunci ba. Aikinsa girmamawa ne da tsaro: ya tare ƙura, ya shanye gumin hannu, ya matse warƙoƙi kada bakinsu ya riƙa gogar fata yana tsinkewa.

Akwai kuma aikin da ba a cika lura da shi ba sai a wuri irin Haɗeja. Fatar gafaka da bagaruwa ake jeme ta, a rina ta ja da karan dafi. Tawadar takarda kuwa da ƙaro ake haɗa ta, ƙaro kuma da ya ji ruwa yake narkewa. A ƙasa mai bushewa fata da takarda sai su yi shekara hamsin a manne ba abin da ya faru. Haɗeja kuwa a bakin fadama take. Kogin da ya taso daga haɗuwar ruwan Kano da na Challawa, da ya iso nan sai ya baje, ya rarrabu, ya bi ta Kirikasamma da Guri zuwa Nguru kafin ya zama Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Daga Agusta zuwa Satumba bangon ƙasa kansa jiƙewa yake yi daga tushe. A irin wannan danshi jan fata kan zuba, ya bar tabo a warƙar farko da ta ƙarshe, Fatiha da Nasi ke nan. In da ƙyalle a tsakani, shi ke kwashe tabon. Shi ya sa tsohon ƙyallen littafi yake da muni: ja-ja a gefe, baƙi-baƙi a inda yatsu ke kamawa, ga hujin asu. Duk abin da ka gani a jikinsa, da takarda zai sauka.

Ba kowane yadi ke shiga gafaka ba. Abin mamaki, tufar da ƙasar Hausa ta fi alfahari da ita ita ce ta fi rashin dacewa. Turkuɗi da kore, waɗanda aka tsoma a karofin Kura ko na Ƙofar Mata aka buga su har suna walƙiya, shuninsu zuba yake yi. Buzun da ya naɗa rawanin turkuɗi har fuskarsa takan yi shuɗi, kuma yana so. Takarda fa ba ta so. Don haka malamai suka fi karkata ga fari: sawaye saƙar gida, daga baya akoko da alawayyo. Idan kuwa ana son mai ado, sai a nemi yadin da launinsa ya kama zare ƙam, wanda ko an jiƙa shi ba ya zuba. Shekaru ɗaruruwa, mutanen da suka fi kowa iya wannan a kan auduga su ne mutanen Indiya.

Auduga ba ta karɓar rini da sauƙi kamar ulu ko alharini. Baba na cikin 'yan kaɗan da ke kama ta kai tsaye. Ja da baƙi da ruwan hoda sai an yi musu tsani. Masu bugun yadi na Gujarat da gabar gabashin Indiya sun gano tsanin tun da daɗewa. Sukan wanke yadi su jiƙa shi a ruwan 'ya'yan wani itace mai ɗacin jima, irin aikin da bagaruwa ke yi a nan. Sannan a ɗauko hatimin katako, faɗinsa bai wuce tafin hannu ko biyu ba, an sassaƙa masa fure ko ganye ko tauraro. Abin da ake dangwala masa ba launi ba ne. Alif ne, farin dutsen nan da ake jefawa a randa don ruwa ya kwanta, an dama shi da ƙaro ya yi kauri. Ko kuwa ruwan tsatsar ƙarfe. Mai bugu ya aza hatimi, ya doka da dunƙulen hannu, ya ɗaga, ya matsa gaba daidai faɗin hatimin, ya sake dokawa, haka har ƙarshen yadi. A wannan mataki in ka duba da ƙyar za ka ga zanen. Sai an tafasa yadin a tukunyar saiwar rini sannan abin ke bayyana: inda alif ya taɓa ya zama ja, inda ƙarfe ya taɓa ya zama baƙi, inda aka gauraya su ya zama ruwan makuba, inda ba a taɓa ba a wanke a shanya ya koma fari. Tukunya ɗaya, launi uku. In ana son shuɗi, sai a rufe sauran wuraren da kakin zuma ko laka a tsoma a baba. Launin da aka kama ta wannan hanya yana cikin zaren, sai dai yadin ya mutu da shi.

Duniya ta yi rububin wannan yadi. A jujin tsohon birnin Fustat, inda Alƙahira ta samo asali, an tono dubban tsummokaransa. Gidan tarihi na Ashmolean a Oxford yana da fiye da 1,200 da Percy Newberry ya tara a Masar, kuma awon kimiyya ya nuna wasu tun ƙarni na 11 suke, da yawa kuma na ƙarni na 13 zuwa na 15. Ba tufafin sarakuna ba ne, kayan talakawa ne, labule da shimfiɗa da rigar yara, an sa an yi faci an sake sawa. Da yadin ya isa Turai sai da masaƙan can suka kai kuka. Faransa ta haramta shi daga 1686 har 1759, Ingila ta yi masa dokoki a 1700 da 1721. Suna hana shi kuma suna koyon yin sa.

Auduga ruɓewa take yi. Rigar da aka sa a jiki ba kasafai take kai shekara ashirin ba, balle ɗari uku. Shi ya sa masu tarihin saƙa suka koma neman tsohon yadi a inda ba a sa shi a jiki ba, sai ga shi ɗaya daga cikin manyan maɓoyansa littafi ne. A Habasha, limaman coci kan yi wa littafin fata bango na katako su lulluɓe da jar fata, sai ya rage wani fili mai kusurwa huɗu a cikin bangon, su liƙa masa ƙyalle. A cikin littattafai kimanin 350 da sojojin Ingila suka kwaso daga Maƙdala a 1868, waɗanda yanzu ke babban ɗakin karatu na London, da yawa in an buɗe bango za a tarar da yadin da aka kawo daga ƙetare, har da bugun Indiya. Su ma Habashawa, kamar mu, a jakar fata mai maratayi suke sa littafi su rataye a bango. Armeniyawa, waɗanda Shah Abbas na Farisa ya tsugunar a gefen Isfahan a farkon ƙarni na 17 suka zama manyan fataken yadi tsakanin Indiya da Turai, su ma da ragowar yadi suke rufe cikin bangon littattafansu. A Indiya kanta da Bama da Tailan, littafin ganyen giginya da ba a ɗinke ba a ƙyalle ake naɗe shi a ɗaure da igiya. Duk inda littafi yake falle-falle, dabarar takan zama ɗaya.

Mu kuma ta wace hanya bugaggen yadi ya iso mu? Shaidar da ta fi fitowa fili ita ce ta Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka a Kano a 1851 ya zauna ya lissafa hajar kasuwa. A cikin kayan da ayarin Tarabulus ke kawowa ya ambaci yadin Manchester, fari da marar wanki da mai zane, ya kuma ambaci takarda mai tambarin jinjirin wata uku. Wannan takarda ita ce ta masana'antun arewa maso gabashin Italiya, irin na gidan Galvani a Pordenone, kuma in ka ɗaga warƙar tsohon Alƙur'ani na ƙarni na 19 ka haska ta da rana, sau da yawa za ka ga watannin uku a jere. Ke nan takarda da yadi a bayan raƙumi ɗaya suka ƙetaro Sahara, a kasuwa ɗaya aka kwance su. Daga Kano Barth ya nufi Kukawa ta Gumel, a shekarun da sunan Buhari Sarkin Haɗeja ke hana yankin barci. Hanyar Kano zuwa Borno ita ce ta fatake, ita ce kuma ta almajiran da ke tafiya gabas neman tilawa, Haɗeja kuwa tana tsakiya.

Sai dai yadin da Barth ya gani ya riga ya zama kwaikwayo. Tun 1783 Thomas Bell ya fito da injin da ke buga zane da gangar jan ƙarfe mai juyawa, kuma kafin tsakiyar ƙarni na 19 mafi yawan bugun Manchester na inji ne, ko da furannin na Indiya ne. Hatimin hannu ya sake shigo mana ta wata ƙofa. Masana'antun Holan sun yi ta ƙoƙarin kwaikwayon yadin kaki na tsibirin Java, mutanen Java suka raina shi, sai aka juyo da shi gabar Afirka ta Yamma daga shekarun 1890. Shi ne atamfa. Inji ke shimfiɗa danƙon da ke tare rini, a tsoma a baba, amma sauran launuka da hatimin hannu aka riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya har cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 20, a kamfanoni irin su Vlisco na garin Helmond, wanda aka kafa a 1846. Shi ya sa a tsohuwar atamfa za ka ga ja ko rawaya ya ɗan zarce layin da aka yi masa, ya bar siririn fari a ɗaya gefen. Iyayenmu mata ba su ɗauki wannan aibi ba, da shi ma suke gane ta gaske.

A tsakanin nan duniyar Haɗeja ta juya. A Afrilun 1906 Sarki Muhammadu ya faɗi a yaƙi da Turawa, shi ake kira Mai Shahada. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Italiya ta afka wa Tarabulus, ayarin Sahara ya yi ta ja da baya. Zuwa 1930 dogo ya kai Nguru ta Malam Madori, kantunan Turawa suka bi shi suna sayen gyaɗa suna sayar da yadi. Abin da a da sai mai hali, ya zama ana samunsa a kasuwar ƙauye. Daga 1957 kuma Kaduna ta fara saƙa nata. Ba wuya a gane yadda atamfa ta shiga gafaka. Malam ba ya zuwa kanti sayen ƙyallen littafi. Uwargida ce za ta ɗinka zane ya rage ɗan yanki, ko ta ga na da ya mutu ta ce, "Malam, ga wannan a sauya wa Alƙur'ani." Ko ɗalibi ya sauke, mahaifiyarsa ta ba da sabon kallabi a naɗe masa. Sunan mace ba ya cikin littafin, amma hannunta yana jikinsa.

Marubutanmu ba su cika sa shekara a ƙarshen Alƙur'ani ba. Wani ya sa sunansa da na mahaifinsa, wani ya sa ranar mako da wata ya bar shekara, da yawa ba su sa komai ba. Shi ya sa Alƙur'anin Borno mai ɗauke da shekarar 1669, wanda A. D. H. Bivar ya bayyana wa duniya, ya zama abin ambato. Ga sauran, sai a bi alamu. Tambarin takarda yana gaya maka cewa ba a rubuta littafin kafin lokaci kaza ba. Ƙyalle kuwa wani labarin yake bayarwa, kuma a nan ake yawan kuskure. Ba ya faɗin ranar da aka rubuta, domin ana sauya shi. Littafin zamanin Buhari yana iya zama cikin atamfar Kaduna. Abin da yake faɗi shi ne lokacin ƙarshe da wani ya kula da littafin har ya yi masa sabon naɗi, da kuma kasuwar da gidan ke ci. In aka ci sa'a aka tarar da naɗi biyu ko uku, sabo a kan tsoho, to an samu jerin masu riƙo.

Karanta ƙyalle ba ya bukatar na'ura mai tsada. A shimfiɗa shi a haske. Zaren da aka kaɗa da mazari yana da kauri a nan, siriri a can. Na inji bai ɗaya yake. Saƙar gida ƙwarya-ƙwarya ce, 'yan siraran layuka da aka harhaɗa da allura. Bugun hatimi yana da gaɓa: bi zanen da ido za ka ga inda hatimi ya tsaya aka sake azawa, wani wuri ya hau kan ɗan'uwansa, wani wuri ya bar rata, kuma launi ya fi cika a inda hannu ya fi dannawa. Bugun inji layukansa sirara ne sumul, in kuma da tabo a jikin gangar, za ka ga tabon yana dawowa a tazara ɗaya ba kuskure. Kalmasa in ta keken ɗinki ce, an san ba ta riga keke zuwa ba. Launi ma shaida ne, domin rinin kanti bai samu ba sai daga 1856, shunin kanti kuma sai 1897. Bakin atamfa kuwa sau da yawa yana ɗauke da sunan kamfani da lambar zane, wanda ya fi kowace alama sauƙi, in dai almakashi bai cinye shi ba.

A ganina abin takaici shi ne wannan shaida ita ake fara zubarwa. In malami ya rasu aka zo rabon gado, 'ya'ya sukan buɗe adaka su ga tsumma mai wari, su yar, su sa littafin a sabuwar leda da kyakkyawar niyya. Rajistar rubuce-rubucen hannu ma ba kasafai take ba ƙyalle gurbi ba: sunan littafi, sunan mawallafi, yawan warƙa, girman takarda, shi ke nan. Leda kuwa a fadama mugun abu ce. Tana tare ruwan sama na awa ɗaya, amma danshin da ta rufe a ciki ba ya fita. Takarda ta yi gumi, ƙaron tawada ya narke, warƙa ta manne da warƙa, fumfuna ta bi ta kai. Mutanen Tumbuktu sun ga irin wannan barazana bayan 2012, lokacin da aka kwashe littattafansu a akwatunan ƙarfe daga busasshiyar ƙasa zuwa Bamako mai laima, sai da aka nemo injinan tsotse danshi. Sabon yadin roba da ya cika kasuwa yanzu, mai kama da atamfa, ɗan'uwan leda ne. Ba ya shan danshi, ba ya barin iska ta ratsa.

Ruwan Haɗeja kuma ba shi da tabbas kamar da. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin ta sauya, kacalla ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa bin inda bai saba ba. A 2020 da 2022 mutanen gari sun kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa, ƙauyuka da dama a Auyo da Kafin Hausa da Guri suka tashi. Wanda ruwa ya kora da tsakar dare gafakar da ke rataye zai fara saɓawa a kafaɗa, ta adaka a ƙarƙashin gado ita ke kwana a ruwa. In littafi ya jiƙe, rana ba magani ba ce, takan nannaɗe takarda ta ƙone ta. A inuwa ake shanya shi inda iska ke kaɗawa, warƙa-warƙa, a bisa farin yadi, ba tare da an ɓata jerinsu ba, waɗanda suka manne kuma a ƙyale su su sha iska kafin a gwada raba su. Sabon naɗi a yi shi da akoko na auduga zalla, a wanke shi sau biyu tukuna, domin sitacin da ke jikin sabon yadi abincin kyankyaso ne da asu. Tsohon ƙyallen kuma a bar shi ya bushe, kada a wanke, a ninke shi a cikin farar takarda daban, a rubuta a bayanta littafin da aka cire shi daga jikinsa, da sunan mai littafin, da shekarar da aka sauya.